Noman lemo da 'ya'yan itatuwa a Sakkwato

Noman lemo da 'ya'yan itatuwa a Sakkwato wani reshe ne na aikin gona da ake yi a garake da fadamun da ke kewaye da birnin Sakkwato, a arewa maso yammacin Najeriya. Ya ƙunshi dashen mangwaro, gwaiba, lemun tsami, lemun zaƙi, gwanda da ayaba, da kuma fataucinsu da tallansu. Birnin yana cin 'ya'yan itace fiye da abin da yake nomawa, domin mafi yawan lemun zaƙi, abarba da ayabar da ake sayarwa a kasuwanninsa daga tsakiya da kudancin ƙasar ake kawo su. Saboda haka ne hukumomi da kafofin watsa labarai suka daɗe suna kira ga manoma da su dasa itatuwa masu 'ya'ya. Babban abin da ke tsakanin wannan kira da biyan buƙata shi ne ruwa da lokaci, domin itace yana buƙatar ban ruwa na shekaru kafin ya fara mayar wa mai shi da abin da ya kashe.

Asalin sunaye

Sunayen waɗannan itatuwa a Hausa suna nuna hanyoyin da suka biyo. Kalmar lemo, ko lemu, ta fito ne daga Larabci, laimun. Hausawa sun ƙara mata bayani don rarrabewa, suka samu lemun tsami da lemun zaƙi, daga baya kuma aka faɗaɗa ma'anarta har ta haɗa da abin sha na kwalba. Tanjirin da garehul an aro su ne daga Turanci, kuma asalin sunan tanjirin shi ne birnin Tanja na ƙasar Maroko. Mangwaro ya yi kama da sunan da Yarabawa ke kiransa, mangoro, kuma tushen kalmar daga harsunan kudancin Indiya ne, inda Turawan Fotugal suka ɗauke ta. Dangin lemo da mangwaro daga nahiyar Asiya suke. Gwanda, gwaiba, abarba da yazawa kuwa daga nahiyar Amurka aka kawo su Afirka bayan ƙarni na 15.

Kafin waɗannan su yaɗu, mutanen yankin suna da nasu 'ya'yan itatuwan daji, irin su kanya, goruba, aduwa, magarya, kurna, ɗinya, tsamiya da kuka. Waɗannan ba sa buƙatar ban ruwa, kuma har yanzu ana sayar da su a kasuwannin birni da na ƙauye.

Yanayi da ruwa

Sakkwato tana gefen yankin Sahel. Damina takan kama daga Yuni zuwa Satumba, ruwan sama na shekara yakan kasance tsakanin milimita 600 zuwa 700, zafi kuma yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos a watannin Afrilu da Mayu. Itacen lemo yana buƙatar ruwa kimanin milimita 900 zuwa 1,200 a shekara, kuma ba ya son a bar shi watanni bakwai ko takwas babu danshi. Wannan ne ya sa garake suka taru a inda ruwa yake kusa da saman ƙasa, wato fadamun Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, waɗanda suka haɗu a kusa da birnin. Fadamar Kwalkwalawa, da ke kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tana cikin sanannun wuraren noman rani, haka ma yankunan Wamakko, Kware, Wurno da Goronyo.

A da, jigo da ƙwarya ake amfani da su wajen ɗebo ruwa daga rijiya ko gulbi. Daga baya aka samu manyan madatsun ruwa guda biyu a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima: madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 kuma yanzu take cikin jihar Zamfara, da madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984. Abin da ya fi sauya aikin ƙananan manoma shi ne rijiyar burtsatse ta fadama da ƙaramin injin ban ruwa mai amfani da fetur. Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1993 zuwa 1999, ya yaɗa waɗannan kayan aiki, kuma Sakkwato tana cikin jihohin da aka fi gudanar da shi.

Ire-iren itatuwan da ake dasawa

Mangwaro ne ya fi yawa, domin idan ya kafu saiwarsa takan kai ga ruwan ƙasa, ya jure rani. Yana fure a lokacin hunturu, 'ya'yansa kuma su nuna daga Maris zuwa farkon damina. Masu saye suna rarrabe iri da sunaye kamar Binta Suga, Fafaranda, Ɗan Kamaru, Juli da Fita. Gwaiba da lemun tsami ne ke biye da shi, saboda sun fi lemun zaƙi jure zafi da ƙarancin kulawa. Gwanda da ayaba suna saurin haihuwa, cikin shekara ɗaya ko makamancin haka, amma suna shan ruwa sosai, kuma ambaliya ko iska mai ƙarfi tana iya kwantar da su.

Hanyar da masana suka fi ba da shawara a kanta ita ce aure, wato a ɗauki reshe ko ido daga itace mai kyawun 'ya'ya a ɗaura a kan dashen da ke da ƙarfin saiwa. Lemo ko mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa yakan kai shekara 6 ko fiye, kuma babu tabbacin zai gaji zaƙin uwarsa. A wajen lemo, akan bar tazarar mita 7 tsakanin itace da itace, abin da ke ba da itatuwa kusan 200 a hekta ɗaya. Kafin itatuwan su rufe fili, manoma kan shuka albasa, tumatir, tattasai ko latas a tsakaninsu, don ruwan da ake ba kayan miya ya amfani dashen, kuɗin kayan miyan kuma ya riƙe gida.

Fatauci da kasuwanni

Najeriya tana cikin ƙasashen Afirka da suka fi noman lemo, kuma jihar Binuwai ce kan gaba, musamman ƙananan hukumomin Gboko, Ushongo, Konshisha da Vandeikya. Daga can manyan motoci ke ɗauko kaya, su yi tafiyar fiye da kilomita 800 ta Kaduna, Zariya, Funtuwa da Gusau kafin su iso Sakkwato. Wani kayan kuma yakan biyo ta kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano, wadda ita ce babbar matattarar 'ya'yan itace a arewa. Ana kuma kawo mangwaro daga ƙasar Zuru ta jihar Kebbi.

A cikin birni, kasuwar Ramin Kura da Kasuwar Daji suna cikin wuraren da ake hada-hadar kayan gwari da 'ya'yan itace. Dillalai ne ke tsakanin mai kaya da 'yan sari, su kuma 'yan sari su sayar wa masu tebur, masu baro da 'yan talla. Ba a cika amfani da sikeli ba: buhu da kwando ne ma'aunin sari, kashi kuma shi ne ma'aunin mai saye ɗai-ɗai. Kasuwa takan fi ci a watan azumin Ramadan, lokacin da kusan kowane gida ke neman lemo, ayaba, kankana da dabino don buɗa-baki, farashi kuma yakan tashi.

Garin Illela, da ke kan iyaka da Birnin Konni na Jamhuriyar Nijar, ƙofa ce ta wannan fatauci. Rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, sun shafi masu kayan da ba sa jure ajiya fiye da kowa.

Yaɗa labarai da tallatawa

Rediyo ce babbar hanyar da labarin noma ke isa ga manomin fadama. Gidan Rediyon Rima na jihar, Rediyon Tarayya na Kaduna da sassan Hausa na BBC, DW da RFI sun daɗe suna gabatar da shirye-shiryen noma. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samarun Zariya tana shirya ƙasidu da shirye-shiryen faɗakarwa don malaman gona, su kuma malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jiha su ne aka ɗora wa kai bayanin gona-gona. Jaridun Hausa irin su Aminiya suna ɗauko rahotannin farashi da hirarrakin manoma. A 'yan shekarun nan wayar salula ta rage wa dillali ikon riƙe labarin farashi shi kaɗai, domin manomi yana iya kiran Kano ko Gboko ya ji yadda kasuwa take. Masu rainon dashe kuma suna tallata itatuwa masu aure a Facebook da WhatsApp.

A ɓangaren bincike, Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, ita ce ke da alhakin inganta irin lemo, mangwaro da makamantansu, kuma tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana gudanar da nata binciken a kan noman rani. Baje kolin aikin gona na ƙasa da ake yi a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, da kasuwar baje koli ta duniya ta Kaduna, wurare ne da ake nuna sabon iri da na'urorin sarrafawa.

Akwai kuma manufofin gwamnati da suka taɓa wannan sana'a. Tun farkon shekarun 2000 Najeriya ta sanya ruwan 'ya'yan itace da aka riga aka ɗura a kwali ko kwalba cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, da nufin ƙarfafa sarrafawa a gida. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya haɗa da Sakkwato cikin jihohi 11 na Najeriya da hamada ke barazana gare su, kuma dashen itatuwa masu 'ya'ya yana cikin ayyukansa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2021 a matsayin shekarar 'ya'yan itace da kayan lambu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na waɗannan a kowace rana.

A matakin mai saye kuwa, talla ta baki ce har yanzu. Mai lemo yakan fere ɓawon ya jera shi a kan faranti, ko ya yanka ɗaya a ɗanɗana. Ɗanɗanon yana da muhimmanci domin lemun ƙasashe masu zafi yakan nuna alhali ɓawonsa kore ne, saboda sanyin dare ne ke sa ɓawo ya koma ruwan goro. Launi kaɗai ba ya nuna zaƙi.

Matsaloli

Matsala ta farko ita ce tazarar da ke tsakanin rabon dashe da samun garka. Ana iya raba dubban itatuwa a bikin rana ɗaya, a sanar a rediyo, amma kowane dashe sai ya tsallake rani uku ko huɗu da ban ruwa, da shingen kare shi daga awaki, da maganin gara. Tsadar fetur bayan cire tallafi a Mayu 2023 ta ƙara kuɗin ban ruwa, abin da ya sa wasu suka koma ga injin mai amfani da hasken rana ko iskar gas. Rancen noma ma ya fi dacewa da amfanin da ake girbewa cikin watanni. Shirin rancen Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a jihar Kebbi a Nuwamba 2015 ya fi mayar da hankali kan shinkafa da alkama, inda ake biya bayan girbi. Haka nan wanda ya karɓi aron gona ko haya ba kasafai ake barinsa ya dasa itace ba, domin a al'ada itace yana ƙarfafa da'awar mallaka.

Ruwan ma ba shi da tabbas. Ambaliyar Satumba 2010 ta shafe gonaki a kwarin Rima, har ta yanke hanyar da ta haɗa jami'a da gari. A ranin 2018 kuma ruwan madatsar Goronyo ya ja baya ƙwarai. Rashin tsaro a gabashin jihar da kan hanyar Gusau ya ƙara wa manoma da direbobi haɗari.

Daga cikin ƙwari, ƙudan 'ya'yan itace mai suna Bactrocera dorsalis, wanda aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, ya bazu zuwa Afirka ta Yamma cikin 'yan shekaru. Macen tana huda mangwaro ko gwaiba ta zuba ƙwai, tsutsa ta ɓata shi daga ciki. Ana rage ɓarnarsa ta hanyar tsince 'ya'yan da suka faɗi a binne su da zurfi, da kuma kafa tarko.

Bayan girbi, zafi da rashin ɗakunan sanyi suna ruɓar da kaya, musamman a tsakiyar kakar mangwaro lokacin da kowa ke kawo nasa a tare. Wasu 'yan kasuwa suna amfani da sinadarin kabayid, irin na masu walda, don nunar da mangwaro da ayaba da wuri. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka saboda illarsa ga lafiya. Busar da mangwaro da matse ruwan lemo a ƙananan masana'antu suna cikin hanyoyin da masana ke ba da shawara a kansu don rage asara da tsawaita lokacin sayarwa.

Duba kuma

Gulbin Rima
Madatsar ruwa ta Goronyo
Noman rani
Kasuwar 'Yan Lemo, Kano
Mangwaro