Rafiringa: Malamin da Ya Riƙe Makaranta Bayan Tafiyar Baƙi

Mun saba jin tarihin makarantun mishan a Afirka kamar na Turawa ne kaɗai. Rayuwar Ɗan'uwa Raphaël-Louis Rafiringa na tsibirin Madagaska tana tuna mana cewa ’yan ƙasa ma sun ɗauki wannan kaya, wani lokaci ma su kaɗai.

An haife shi a birnin Antananarivo a 1856. Yana da shekara 10 ’yan’uwa masu koyarwa na ƙungiyar da Jean-Baptiste de La Salle ya kafa a Faransa suka iso tsibirin. Ya shiga makarantarsu, aka yi masa baftisma a 1869, daga baya ya zama ɗan Madagaska na farko da ya shiga ƙungiyar. Ɗan'uwa a wannan tsari ba fada ba ne: yakan yi alƙawarin zama ba aure, ba dukiyar kansa, da biyayya ga shugabanninsa, aikinsa kuwa koyarwa ne, ba ya jagorantar Mas.

Gwajinsa ya zo a 1883, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da masarautar Merina. Gwamnatin sarauniya ta kori ’yan mishan na Faransa gaba ɗaya. Mabiya ɗarikar Katolika, waɗanda dama tsiraru ne tun da fadar sarauniya ta karɓi ɗarikar Furotesta a 1869, suka wayi gari babu limami, ana kuma yi musu kallon ’yan amshin shatan abokan gaba. Jama'a suka zaɓi Rafiringa ya shugabance su, yana da shekara 27 kacal. Tare da Victoire Rasoamanarivo, wata mata mai alaƙa da gidan firaminista, ya hana makarantu rufewa, ya horar da masu koyar da addini, ya riƙa tara mutane addu'a ran Lahadi, ya kula da kutare. Da ’yan mishan suka dawo a 1886, sun tarar da jama'arsu ba ta watse ba.

Bayan Faransa ta mai da tsibirin mallakarta a 1896, ya ci gaba da koyarwa da rubutu cikin harshen Malagasi, har aka sa shi cikin cibiyar nazarin harshe da al'adun ƙasar da aka kafa a 1902. Sai dai masu mulkin da suka karrama shi su ne suka kama shi a ƙarshen 1915, bisa zargin yana cikin ƙungiyar asiri ta masu kishin ƙasa mai suna VVS. Kotu ta wanke shi a 1916, amma zaman kurkuku ya riga ya taɓa lafiyarsa. Aka mai da shi Fianarantsoa, inda ya rasu ranar 19 ga Mayu, 1919. Cocin Katolika ta ayyana shi mai albarka a Antananarivo ranar 7 ga Yuni, 2009.

A zamanin sarauniya an zarge shi da bin Faransa, a zamanin Faransa an zarge shi da bin ’yan ƙasa. Mu da muka san zaman tsiraru, wannan zargi mai fuska biyu ba baƙo ba ne a gare mu. Amsar da shi ya bayar ita ce buɗe aji kowace safiya da rubutu cikin harshen uwarsa.