Gwajin Kayan Abinci, Kwalliya da Wanki a Gida: Nazari kan Abin da Yake Iya Tabbatarwa

Tsakure

Maƙalar ta duba gwaje-gwajen da masu saye ke yi a gida don rarrabe kaya mai kyau da na algus, ta auna su da ma'aunan hukumomin ingancin kaya da rahotannin da aka riga aka wallafa. An ɗora nazarin a kan ra'in masana tattalin arziki game da abin da mai saye ke iya sani. Sakamakon ya nuna cewa gwajin gida yana da ƙarfi wajen ƙin kaya, amma ba shi da hurumin wanke su, musamman idan aibin guba ce marar launi ko wari.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ba ya son cinikin biri a sama. Mai sayen gero yakan cusa hannu har ƙasan buhu, mai sayen manja ta lakata ta ɗanɗana, mai sayen atamfa ta murza gefenta ta ga ko za ta zuba. Al'adar tana da tushe a addini ma, domin hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya kawo yadda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya yi hani ga ha'inci.

Sai dai kayan da ke shiga gidaje a yau sun sha bamban da na da. Yawancinsu a leda ko kwalba suke zuwa, daga masana'antar da mai saye bai taɓa gani ba, ta hannun dillalai uku ko huɗu kafin su iso kasuwar Singa ko ta Dawanau. Ga kuma bidiyoyi a WhatsApp da TikTok masu koyar da "yadda za ki gane zuma ta gaskiya" da makamantansu. Tambayar maƙalar ita ce: wanne daga cikin gwaje-gwajen nan ne ke da madogara a kimiyyance, kuma ina ne iyakarsa?

2.0 Ra'i da Hanyar Bincike

A 1970 Phillip Nelson ya raba siffofin kaya gida biyu: waɗanda ake ganewa kafin saye, kamar launi da tsakuwa a shinkafa, da waɗanda sai an yi amfani, kamar ɗanɗano ko ƙarkon sabulu. A 1973 Michael Darby da Edi Karni suka ƙara kashi na uku, wato siffofin da mai saye ba zai gane ba ko bayan ya cinye kayan, sai dai ya gaskata mai sayarwa. Da wannan rabe-rabe aka auna kowane gwaji, aka kuma kwatanta shi da ma'aunin Codex na Majalisar Ɗinkin Duniya, da dokokin hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993, da rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya.

3.0 Gwaje-gwajen da Suke da Madogara

Jefa ƙwai a ruwa gwaji ne ingantacce. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan kafofi, don haka kullum ruwan cikinsa na raguwa, iska na maye gurbinsa, har tsohon ƙwai ya taso sama. Haka gwajin sitaci: ɗigon aidin na kemis yana mayar da duk abin da ke da sitaci shuɗi mai duhu, abin da masana suka gano tun 1814. Madara ba ta da sitaci, saboda haka idan nono ko madarar gari ta yi shuɗi, an zuba mata garin rogo ko na masara. Hukumar abinci ta Indiya ta tattara ire-iren waɗannan gwaje-gwaje a ɗan littafi mai suna DART domin amfanin gida.

Gishiri ya fi ban sha'awa. Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri a 1993 domin yaƙi da maƙoƙo, kuma ma'aikatan lafiya na yawo da 'yar kwalbar gwaji da ake ɗigawa a gishirin gida. Canjin launi yana nuna akwai aidin. Amma bai faɗi ko ya kai kashi 15 cikin miliyan da ake buƙata a gishirin da ke madafa ba. Wannan sai ɗakin gwaji. Ko ingantaccen gwajin gida amsarsa "akwai" ko "babu" ce, ba ya kai wa ga "nawa".

4.0 Matsalar Zuma

Babu kayan da aka fi yi wa gwaji a ƙasar Hausa kamar zuma, babu kuma inda gwajin ya fi yaudara. Ana tsoma ashana a ciki a kyasta, ana ɗiga ta a ruwa a ga ko za ta nutse a dunƙule, ana zuba ta a rairayi ko takarda, wasu su ce kiyashi ba ya hawan ta gaskiya. Ukun farko abu ɗaya suke aunawa, wato yawan ruwa da kauri. Na kiyashi kuwa ba shi da tushe, domin zuma kanta sukari ce, kuma kiyashi na shan ta.

Ma'aunin Codex na zuma ya ce ruwan zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100, sukari irin na rake kada ya wuce kashi 5 a yawancin nau'o'i. Wanda ya dafa sukari har ya yi kauri zai tsallake gwajin ashana lafiya lau. Zumar gaskiya kuwa, idan an ɗebe ta daga amya kafin ta nuna ko a lokacin damina, tana iya faɗuwa. Gwajin yana kuskure ta fuska biyu ke nan: ya wanke mai algus, ya kuma ɓata sunan mai gaskiya. Haka daskarewa, wadda mutane da yawa ke ɗauka shaidar an sa sukari, alhali ɗabi'a ce ta zumar da gulukos ya yi mata yawa.

Akwai wani abu da ya fi wannan muhimmanci a ganin wannan maƙala. Mai algus ma yana kallon bidiyon da mai saye ke kallo. Da zarar gwaji ya shahara, sai a riƙa haɗa jabun daidai da shi, har mai tallar ne da kansa zai zaro ashana ya ce, "Hajiya, gwada ki gani." Wannan tsere bai tsaya a kasuwar ƙauye ba. Ɗakunan gwaji sun daɗe suna gano sukarin rake da na masara ta hanyar nau'in kabon ɗinsu, sai masu algus suka koma ruwan sukarin shinkafa da alkama, waɗanda wannan hanya ba ta kamawa. Binciken da Tarayyar Turai ta fitar a 2023 ya zargi kashi 46 cikin 100 na samfura 320 na zumar da ake shigar mata. Idan manyan na'urori na wannan fama, ba za a ɗora wa ashana nauyin da ya fi ƙarfinta ba.

5.0 Abin da Ido da Harshe Ba Sa Kaiwa

A watan Maris na 2021 mutane da dama a Kano suka kwanta asibiti bayan shan lemon da aka haɗa da garin da aka sayar a matsayin ɗan tsami, kuma gwamnatin jihar ta tabbatar da rasuwar aƙalla mutum 10. NAFDAC ta ce sinadarin masana'antu ne mai suna haidiroksilamin. Farin gari ne kamar yadda aka saba gani, don haka duban ido bai hana kowa saye ba.

Gubar afalatoksin, wadda fumfunar Aspergillus ke haifarwa a gyaɗa da masara, ba ta da ɗanɗano kuma suya ba ta kawar da ita, don haka tana bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli. An gano ta ne bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, kuma a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya. Tsince ƙwayoyin da suka motse ko suka canja launi yana rage ta sosai, wannan aikin gida ne mai amfani, amma ba shaidar tsarki ba ce. Haka wake: rashin ƙwari a buhu, wanda mai saye ke murna da shi, yana iya zama alamar an zuba fiya-fiya. Saboda ragowar wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya a 2015.

6.0 Kayan Kwalliya da na Wanki

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu a jira awa 48. Tana da amfani ga mai rina gashi, domin sinadarin PPD yana tayar da ƙaiƙayi da kumburi ga wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi. Wannan sinadari ne ke cikin baƙin dayis da ake zana wa amare, kuma likitocin Sudan sun daɗe suna rubutu kan illarsa. Matsalar ita ce wadda ba ta taɓa shafawa ba tana iya wuce awa 48 lafiya, ƙuraje su fito bayan mako ɗaya ko biyu.

Man bilicin ya juya ma'anar gwajin gaba ɗaya. Mai amfani tana auna shi da saurin haske, alhali saurin ne alamar haɗari, domin abin da ke kawo shi shi ne sinadarin zaiba, ko haidirokwinon mai yawa, ko maganin sitiroid mai ƙarfi. Illarsu, wato nankarwa, sirancewar fata, baƙin tabo a kumatu da ciwon ƙoda, sai bayan watanni ko shekaru take bayyana. Yarjejeniyar Minamata, a lokacin da aka ƙulla ta a 2013, ta iyakance zaiba a kayan shafa zuwa kashi 1 cikin miliyan, adadin da babu gaɓar ɗan Adam da za ta iya ji. Kwalli ma haka: cibiyar CDC ta Amurka ta ba da rahoto a 2012 kan wani jariri a Boston da aka samu dalma a jininsa, kuma kwallin da aka kawo masa daga Nijeriya ya ƙunshi dalma kashi 82.6 cikin 100.

A ɓangaren wanki, auna omo da yawan kumfa ba daidai ba ne. Kumfa ta dogara ga irin ruwa, shi ya sa sabulu ɗaya zai yi kumfa a ruwan sama ya ƙi yi a ruwan wata rijiya, kuma masana'anta na iya ƙara sinadarin kumfa ba tare da ƙarfin wanki ya ƙaru ba. Haɗa ruwan Hypo da na wanke masai don a ga "ƙarfinsu" kuwa ganganci ne, domin yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi.

7.0 Shawarwari

Inda gwajin gida ke da hurumi, ana iya inganta shi ba tare da kashe kuɗi ba. Suna da farashi suna rinjayar harshe, don haka a ɓoye mazubi. A zuba kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a nemi mai ɗanɗano ya ware na dabam. Mai cinke kawai zai dace sau ɗaya cikin uku, saboda haka sai an maimaita da mutane da yawa kafin a yanke hukunci. Wannan hanya ce ma'aunin ISO 4120 ya tsara wa masana'antu.

Kashi na uku na Darby da Karni kuwa aikin ƙungiya ne. Mujallar Consumer Reports ta Amurka tun 1936, da Which? ta Ingila tun 1957, da kuɗin masu karatu suke sayen kaya a kasuwa su kai ɗakin gwaji, ba sa karɓar talla daga kamfanoni. Lambar NAFDAC da ke jikin kwali ana iya buga ta jabu, tsarin kankare lamba a aika saƙon waya da aka fara a 2010 kuma magunguna ya fi shafa, ba zumar galan ko man shafawa da aka haɗa a ɗaki ba. Sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'in Zariya, Kano da Sakkwato suna da na'urorin auna dalma da zaiba. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin mata da na 'yan kasuwa su riƙa tara kuɗi suna kai samfura a kai a kai, a kuma sanar da sakamakon da Hausa ta gidajen rediyo, a faɗi kasuwar da aka sayi kayan da ranar da aka saya.