Bushiyar teku mai dogon tsinke

bushiyar teku mai dogon tsinke (sn., mc.; jam. bushiyoyin teku masu dogon tsinke) Dabbar ruwan gishiri marar ƙashin baya daga dangin Diadematidae, wanda John Edward Gray ya raɗa wa suna a 1855. 'Yar uwar tauraron teku ce. Daga cikin rassan dangin akwai Diadema, Echinothrix da Centrostephanus.

Jikinta ƙoƙo ne na allunan alli da aka jera gida biyar. Bakinta na ƙasa, da haƙora 5 da take kankare gansakuka da su daga kan duwatsu, dubura kuma tana sama. Tsinkayenta sirara ne, masu rami a ciki, wasu sukan kai santimita 30, kuma sukan karye a naman wanda ya taka ta. Da rana takan ɓuya a ramukan murjani, da dare ta fito kiwo. Ana samunta a Bahar Maliya da tekun Indiya da Karibiyan.

Amfaninta ya fi girmanta. A 1983 zuwa 1984 annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na Diadema antillarum a Karibiyan, sai gansakuka ta mamaye murjani.