Rabon Aiki Tsakanin Madaidaitan Sigina a Da'irar Karɓar Bayanai Mai Saurin Gigabit 112

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ya kamata a raba aikin gyaran sigina a da'irar karɓar bayanai mai amfani da tsarin PAM4. Matsayinta shi ne, a kan doguwar hanyar tagulla, madaidaicin dijital na FFE mai rassa da yawa tare da DFE mai reshe ɗaya ya fi doguwar DFE dacewa.

Duk layin tagulla da ke kan allon da'ira yana cin sigina, kuma sashen da ke kaɗawa da sauri shi ya fi shan wuya, domin lantarki kan takure a fatar tagullar, kayan rufin allon kuma su shanye wani ƙarfin su mayar da shi zafi. Alamar da aka aika siririya sai ta iso a baje, jelarta ta shiga gurbin waɗanda ke biye da ita. A saurin gigabit 112 cikin daƙiƙa ana aika alamomi biliyan 56, kowacce da gurbin fikosakan 18 ko ƙasa kaɗan, doguwar hanya kuwa na iya cinye kusan desibel 30 a gigahaz 28. Maganin ba sabo ba ne. Widrow da Hoff sun fito da lissafin saita kai na LMS a Stanford a 1960, Robert Lucky na Bell Labs kuma ya nuna a 1965 cewa madaidaici na iya saita kansa a layin tarho. Lissafin yana nan kusan yadda yake. Lokacin aiwatar da shi ne ya ƙanƙance.

Falalar DFE sananniya ce. Tana ɗaukar alamar da aka riga aka yanke hukunci a kanta, ta cire jelarta daga wadda ke shigowa, ba tare da ta ƙara hayaniya ba. Wahalar tana a reshen farko, inda dole hukunci da ninkawa da ragewa su kammala cikin gurbin alama ɗaya. Da lokaci ya ƙi isa, sai masu tsarawa suka koma lissafa duk amsoshin da za su yiwu tun kafin a san ta baya, daga bisani a zaɓi ɗaya. A tsarin matakai biyu makwatanta biyu sun wadatar. PAM4 kuwa tana da matakai huɗu da iyakoki uku, don haka reshe ɗaya na buƙatar makwatanta 12, rassa biyu 48. Kowane makwatanci yana ɗora nauyinsa a bakin shigar sigina, wato daidai inda ake fafutukar ceto faɗin zango, kuma kowanne yana da tasa karkatar da sai an gyara.

Akwai kuma illar da ta wuce da'irar kanta. Tazarar matakan PAM4 sulusin ta matakai biyu ce, asarar kimanin desibel 9.5, don haka kuskure ya zama ruwan dare, shi ya sa ma'aunin IEEE 802.3bs na 2017 ya wajabta lambar gyara ta Reed-Solomon (544,514), mai iya gyara alamomi 15 masu bit goma-goma a kowane ƙunshi. Idan DFE ta yanke hukunci ba daidai ba, za ta cire jelar da babu ita, kuskure ya haifi kuskure. Rassa masu yawa da nauyi suna tsawaita wannan jeri, jerin da ya tsallaka alamomi da dama kuma yana saurin cinye kason da lambar ke iya gyarawa.

Za a ce madaidaicin FFE yana ɗaga hayaniya tare da sigina, har da wadda na'urar mayar da sigina lambobi ke haifarwa. Gaskiya ne, amma da'irar analog ta CTLE da ke gaba tana rage asarar kafin a kai ga lambobi, kuma FFE na share cuɗanyar alamomi da ke zuwa gabanin alama, abin da DFE ba ta iyawa ko kaɗan. Ƙorafin cin wuta ya fi ƙarfi. A gajeriyar hanya, kamar tsakanin guntaye biyu masu maƙwabtaka, da'irar analog ce ke da gaskiya, kuma ba a nan ake gardama ba. A doguwar hanya kuwa, sashen dijital yana raguwa duk lokacin da aka ƙanƙanta tiranzista, rabon da makwatantan analog ba su cika samu ba.

Saura batun saita kai, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Da'irar gano agogo irin ta Mueller da Müller ta 1976 tana neman wurin da cuɗanyar gaba da ta baya suka yi daidai, FFE kuwa tana ƙoƙarin share su duka biyun. Idan aka sake su tare, wurin ɗaukar samfur na iya zamewa a hankali yayin da kowace da'ira ke bin sawun ɗayar. Hanyar da aka saba bi ita ce a daskarar da reshe ɗaya na kusa da babban reshe, a kuma sa saitin madaidaici ya yi tafiyar hawainiya idan aka gwada da na agogo. Wajibi ne a tsayar da wannan tun a zanen farko, domin ya shafi yawan rassan da za a gina da inda za a auna kuskure.