Daga Jinga Zuwa Kwangila a Kaduna

Kaduna ba tsohon birni ba ne mai ganuwa irin Zariya ko Kano, domin sai a shekarar 1917 ne Turawa suka taso da mazaunin mulkin Arewa daga Zungeru suka kawo shi nan, saboda haka sana'armu ta gini ta tashi a garin nan da tushe biyu. Na farko shi ne ginin gargajiya, wanda magina suka zo da shi daga ƙasar Zazzau, inda Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, suka riƙa aza tubali, suna rufi da azara, suna yaɓe da makuba a unguwanni irin su Tudun Wada da Unguwar Shanu. Na biyu kuwa Ma'aikatar Ayyuka ta Gwamnati ce, wadda ta koya wa mutane awo da lissafi, ta fito da birkila da kafinta da heluma.

A wurin magabatanmu, idan katanga ta tsage ko soro ya fara yoyo, jinga ake yi. Mai gida shi ke tanadin ƙasa da azara da ruwa, magini kuma ya faɗi ladan hannunsa a gaban shaidu, kuma ko da yake ba a rubuta kome ba, abin yana tafiya bisa ƙa'idar da malaman fiƙihu suka shimfiɗa a babin ijara, wato aikin ya zama sananne, ladan ya zama sananne, don kada garari ya shiga tsakanin Musulmi biyu. Bugu da ƙari, maginin ɗan unguwa ne, masallaci ɗaya suke salla da mai gida, ya kuwa tabbata cewa damina na tafe, za ta tona asirin duk wanda ya yi ha'inci. Wannan kunya ita ce ta tsare dukiyar talakawa fiye da kowace takarda.

Al'amari ya juya ne sa'ad da siminti da kwano suka kori tubali. An buɗe makarantar koyon sana'a a 1956, wadda daga baya ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, sa'an nan kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka sa ma'aikata marmarin ginin bulo a Kawo da Malali da Unguwar Rimi. To, da yake ma'aikacin ofis ba shi da sukunin tsayawa a kan leburori, sai ya danƙa kaya da aiki gaba ɗaya a hannun ɗan kwangila, ya ba shi kafin alƙalami, ya koma bakin aikinsa. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, farashin buhun siminti ya daina jiran a gama gini, ɗan kwangilar da ya yi alkawari da rahusa ya rasa mafita sai ɗayan biyu: ko ya gudu ya bar aiki, ko ya rage siminti ya ƙara yashi. Ban ce dukkanmu maha'inta ba ne, Allah Ya sani, amma tsarin da ya haɗa kuɗin kaya da ladan aiki a aljihu ɗaya jarrabawa ce wadda ba kowane bawa ke cinye ta ba, kuma abin yana ɓata mini rai ƙwarai idan na ga gidan marayu da aka yi wa filasta bara yana zuba bana.

Saboda haka, ya kai mai niyyar gyaran gida, ka raba abin da zamani ya haɗa. Ka je kasuwar Panteka da ƙafarka ka yi cinikin ƙofa da taga, ka sayi siminti da rodi da kanka, ka ƙidaya buhunan da aka fasa kowace yamma, ka tambayi mai bulo guda nawa yake fitarwa a buhu ɗaya. Ka yi gyaran rufi da rani, ba sai hadari ya haɗo ba, lokacin da kafinta ke da ta cewa. Ladan kuwa a yanka shi mataki mataki, a rubuta a gaban shaidu biyu, kuma ranar da matakin ya kammala ka biya ma'aikaci haƙƙinsa cikakke kafin ya bar ƙofar gidanka.