Caca

caca (suna, mace, mai yinta: ɗan caca, jam'i 'yan caca). Zuba dukiya a kan al'amarin da ba a san ƙarshensa ba, wadda malamai ke kira maisir, haramcinta kuwa ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 90. A da da karta aka san ta. Yau kuwa saurayi a Gaya ko Ajingi yana iya yinta ta waya, ranar da Najeriya ta kara da Ghana. Kamfanin caca ke yanka farashi: in ya sa 2.50, naira 1,000 kan koma 2,500 ga wanda ya canka daidai, alhali kamfanin ya riga ya cire ribarsa cikin lissafin. A Oktoban 2024 Hisba ta rufe shagunan caca da dama a birnin Kano.