Kafin a Kaɗa Ƙararrawar Gwanjo

Tun da na ajiye aiki nake jin yaran da suka gaje mu a bankunan lamunin gidaje suna nanata magana ɗaya a rediyo da wuraren taro: wai abin da ya daƙile harkar jinginar gida a Najeriya shi ne wahalar karɓe gida daga hannun wanda ya kasa biya. A gyara doka, in ji su, a hana kotu jan ƙafa, sai kuɗi su kwararo. Ban ce ƙarya suke yi ba. Na san shari'ar da ta tsufa a kotu har lauyan da ya shigar da ita ya zama alƙali. Abin da ke ci mini rai shi ne, a cikin masu wannan magana da wuya ka sami wanda ya taɓa tuɓe takalmi ya zauna a zauren mutumin da ake bi bashin wata biyar. Mu kuwa da nan aka fara koya mana aikin.

Wanda ya koya mini, Allah ya jiƙansa da rahama, Baba Manaja muke ce masa. Ya soma aiki tun zamanin Nigerian Building Society, wadda aka kafa a 1956, kafin gwamnatin tarayya ta mayar da ita bankin lamunin gidaje na tarayya a 1977. Daga baya ya dawo gida Kaduna, inda na same shi a wani banki da ba sai na kama suna ba. A lokacin kowane mai bashi yana da katinsa, kati mai kauri ruwan ƙasa, a jere cikin akwatin ƙarfe. Wata ya mutu ba a biya ba, akawu ya ja layi da jan biro. Duk safiyar Jumma'a Baba zai sa a zaro masa katunan da suka sami ja biyu. Duk ɗan sana'a ya san dalilin biyun: dokar Ingila ta 1881 da muke aiki da ita a jihohin Arewa ta ce da zarar kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, ko an ba da notis an yi wata uku shiru, banki na da ikon sayarwa. To a daidai gaɓar da doka ta miƙa mana wuƙa, a nan Baba yake hana a rubuta ko da layi ɗaya. Sai an je an gano gidan.

Zuwan ma da ƙa'idarsa. Ba a zuwa da motar banki mai tambari a jiki. A kan Vespa yake tafiya, ni ina goye a baya da katin a cikin aljihun riga, ba a cikin fayil ba. Ba a zuwa da safe lokacin da unguwa ke fita, sai bayan la'asar. A ajiye babur can bakin layi, a taka da ƙafa, a yi sallama kamar baƙi daga ƙauye. In maigidan ya fito ya gan mu fuskarsa ta sauya, Baba zai riga shi da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan bana, har sai mutum ya sami inda zai ajiye numfashinsa. Ba a ambaton kuɗi in akwai yaro a zaure ko maƙwabci a kan dakali. Kuma kullum sai ya roƙi ruwan sha. Na daɗe ina zaton ƙishirwa ce, ashe so yake a ɗaga labule ya hango tsakar gida: ko an hura wuta yau, ko akwai kayan makaranta a kan igiya, ko keken ɗinkin uwargida yana nan, ko kuwa an bar shatinsa kawai a siminti.

A hanyar dawowa yake yanke hukunci, yana magana iska na kwashe rabi. Mutum uku ne, in ji shi. Akwai wanda ya kasa, akwai wanda ya ƙi, akwai wanda kunya ta ɓoye. Na ukun ya fi yawa a ƙasarmu, kuma shi ya fi asarar gida a banza. Bahaushen da ya ci bashin banki da ruwa a lokacin yana ɗauke da nauyi biyu: ga bashi, ga tsoron a ce ya ci riba. Sau da yawa ko matarsa ba ta san takardar gidan tana banki ba. Irin wannan mutum in wasiƙa ta zo ba ya buɗewa, sai ya tura ta ƙarƙashin katifa. Ta biyu ta zo ya ce wa yara su ce ba ya nan. Yana da wa a Kantin Kwari da zai iya share bashin a yini guda, amma ya gwammace a sayar da gidan da ya buɗe baki. Wasiƙar lauya ba ta warkar da wannan ciwo, ƙara shi take yi. Zama ne ke warkar da shi.

Kuma zaman ba na ban haƙuri ba ne kawai, lissafi ake yi a bayan kati da fensir. Na ga an fasa bangon zaure an fitar da shago, mai tireda ya kama, kuɗin hayar na zuwa banki kai tsaye. Na ga iyali sun matsa cikin ɗaki biyu sun ba malamin makaranta hayar na uku. Na ga an mayar da bashin shekara goma sha biyar zuwa ashirin don biyan wata ya sauko daidai ƙarfin albashi. In mutum na jiran giratuti ne, Baba da kansa zai je ma'aikatar ya ga fayil ɗin da idonsa, ya dawo ya rubuta a kati cewa a dakata. In kuwa ya ga ba ta gyaruwa, ba ya yi wa mutum zaƙin baki. Zai ce, "Malam, gidan nan ya fi ƙarfinka. Nemi dillali ka sayar da hannunka, ka biya mu, ka sayi ƙarami da ragowar. In ka bari aka kaɗa ƙararrawa, ko kuɗin ƙofofi ba za ka gani ba." Mutane da yawa sun ji haushinsa a ranar, suka zo suna sa masa albarka daga baya.

Maganar ƙararrawa ta tuna mini da abin da ya sa ya tsani gwanjo. Tun kafin in zo ya ga yadda ake yi: a buga sanarwa da ƙananan baƙaƙe a can ƙuryar jarida, a sa ranar da mutane ke wajen aiki, mai gwanjo ya zo ya kaɗa ƙararrawarsa a gaban mutum huɗu waɗanda uku daga cikinsu yaran mai saye ne. Gidan da ya kai dubu tamanin ya tafi a talatin. Doka ta ce abin da ya ragu bayan an cire bashi da kuɗin ɗawainiya na mai gida ne, amma in an karyar da farashi me zai ragu? Wani lokaci ma kuɗin ba su kai bashin ba, mutum ya rasa gida kuma a ci gaba da binsa cikon. Shi ya sa ko an sa ranar gwanjo Baba yake aika ni da daddare in gaya wa mai gida cewa har yanzu yana da damar fansar gidansa muddin ba a sayar ba. Yawancinsu ba su san da haka ba, suna zaton da notis ya fito shi ke nan.

Sai zamani ya juya mana baya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, a 1987 aka sakar wa bankuna mara su yanka kuɗin ruwa yadda suka ga dama, zuwa 1993 ya haura kashi 30 cikin 100. Mutumin da ya sa hannu lokacin da ruwa bai kai kashi goma ba ya wayi gari albashinsa kaf bai kai biyan wata ba, alhali bai yi laifin komai ba. A tsakiyar wannan ne doka ta 53 ta 1989 ta buɗe ƙofa, kowa da kowa ya buɗe bankin lamunin gida, har suka haura 200. Akasarinsu ba su taɓa gina wa kowa ko akurki ba, hada-hadar kuɗi kawai suke yi, kafin shekarun 1990 su ƙare da yawansu sun rufe da ajiyar talakawa a ciki. Mu da muka san aikin muka kwashi baƙin jinin da ba mu muka jawo ba. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, wanda ya ce jinginar da ba ta sami amincewar gwamna ba, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, ba jingina ba ce. Washegari duk mai wayon da ya ci kuɗin banki ya tuna cewa gwamna bai sa hannu a takardarsa ba. Daga baya kotuna sun yi ƙoƙarin toshe wannan kafa, amma kafin nan bankuna sun tsorata, suka miƙa komai ga lauyoyi. Daga ranar da lauya ya zama shi ne mai fara magana da mai bashi, zaure ya fita daga aikinmu.

Wanda ya ƙi, wato na biyu a lissafin Baba, shi ne ciwon da na yi ritaya da shi. Ba a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi yake ba, yana unguwannin manya, gida da maigadi da karnuka. Katinsa ya yi ja har ba wurin jan layi. Ka shirya takardu tsaf, ana gobe za a aika, sai waya ta yi ƙara a ofishin shugaba, a ce a dakata. Mako guda bayan haka a kawo maka umarnin sayar da gidan masinja mai ɗaki uku don a nuna wa masu binciken kuɗi cewa ana ƙoƙari. Lokacin da aka kafa AMCON a 2010 don ta sayi rubabbun basussukan bankuna, duk wanda ya leƙa jerin manyan masu bashin ya san ba masinjoji ne suka durƙusar da bankunan ƙasar nan ba.

Na tsallake abu guda da bai kamata in tsallake ba, wato mutuwa. Ƙa'idar Baba ce, ba a rubuce take a ko'ina ba: in mai bashi ya rasu, babu wasiƙar da za ta shiga gidan sai matarsa ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma. Mu je ta'aziyya a matsayin mutane, mu zauna a tabarma, mu tashi. Bayan nan a nemi babban wa ko wanda alƙali ya ɗora wa rabon gado, tunda kowa ya san ana fitar da bashi kafin a raba. Kafin a je kuwa sai an binciko ko akwai inshorar rai a kan bashin, domin da yawa an cire musu kuɗinta tun ranar sa hannu, iyali ba su sani ba. Akwai wata baiwar Allah a Kakuri, mijinta ma'aikacin masaƙa ne, ta riga ta sayar da gadonta da kwanukanta na jere tana tara abin biya. Baba ya zauna ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya har ya gano inshorar ta share bashin duka. Da hannunsa ya kai mata takardar gidan a cikin ambulan. Wannan tun masaƙun na aiki ne. Da masaƙar KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, Baba ya riga ya kwanta dama, kuma Kakuri ta cika da masu jan layi a lokacin da babu mai zuwa ya ga ko an hura wuta.

Yanzu kwamfuta ce ke ƙirga watanni, ita ke tura saƙo a waya, ita ke miƙa suna ga kamfanin karɓar bashi da ake biya gwargwadon abin da ya tatso. Yaron da ke kira bai san ko mai amsawa yana gadon asibiti ba. A 2015 da jihohi da dama suka yi watanni ba su biya albashi ba, na ga ma'aikatan da ake cire wa kashi 2.5 na albashinsu don Asusun Gidaje na Ƙasa tun 1992, waɗanda suka samu lamunin nan mai ruwa kashi 6 da kyar da jiɓin goshi, ana aika musu saƙon barazana a kan kuɗin da gwamnatinsu ce ta riƙe. Kowane jami'i a bankin ya san ba a biya albashi ba, amma babu wanda ke da ikon ya rubuta "a dakata". Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun sauke wa mutanenmu nauyin kunyar riba, na kuma yi murna da haka. Sai dai ko da wane suna aka ƙulla cinikin, ranar da albashi ya tsaya biyan wata na nan yana jira.

Jihar Kaduna ta yi sabuwar dokar jingina da karɓe gida a 2017, wasu jihohi na bin sahu. Ba na adawa da ita. Wanda ya ƙi biya da gangan ya daɗe yana fakewa da jinkirin kotu, kuma kuɗin da ya riƙe na masu ajiya ne, su ma talakawa. Amma in ana gaggauta sayarwa, a sa sharaɗi ɗaya a gabanta: kada notis ya fita sai jami'in banki, ba ɗan kwangila ba, ya je ya zauna da mai gida ido da ido, ya rubuta abin da ya gani da hanyoyin da aka gwada, ya sa hannu da sunansa, alƙali kuma ya nemi wannan takarda kafin ya saurari komai. Na faɗi haka a wani taron da aka gayyace mu tsofaffin ma'aikata, wani matashin manaja ya ce, "Baba, ai wannan zai ci kuɗi." Na ce ya kawo abin da bankinsu ya biya lauyoyi bara, mu ajiye kusa da kuɗin man babur.